Maharazu Injiniya da Jak Mai Tan Talatin

A shekarun nan da kuɗin mai suka cika ƙasa, har mai tallan goro ke yawo da rediyo rataye a kafaɗa, an yi wani mutum a Ƙanƙara ana ce da shi Maharazu Injiniya. Injiniyancin shi ya naɗa wa kansa. Asalin abin, ya taɓa yin wata uku a wani gareji a Kaduna, kuma waɗanda suka san garejin sun ce aikinsa a wurin bai wuce miƙo sifana da korar awaki ba. Amma in ka ji shi yana zuba a gindin bishiyar bedi, sai ka rantse sai da aka yi shawara da shi kafin a ƙera jirgin sama.

Shekarar da auduga ta yi masa kyau, ya tafi gwanjon tsofaffin motoci ya sayo Landiroba koriya mai rufin tamfol. Mota lafiya lau, inji na ruri, ga tayar safaya ɗaure a kan bonet, ga sifanar kwance taya. Abu ɗaya ta rasa, jak na ɗaga mota.

Ya tuƙo ta har garejin Malam Nata'ala, tsohon bakaniken garin, ba don neman shawara ba, don dai a gani. Malam Nata'ala ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya goge hannu da tsumma.

"Ka yi saye, Maharazu. Amma motar daji ce, ka nemo mata jak daidai ita, wanda zai shiga ƙarƙashinta ko da taya ta kwanta. Ka haɗa da katako mai kauri na ɗora shi, don ƙasarmu da damina ba ta da amana. In mai aiki da mai ne, a tsaye ake aje shi, kuma inda hannu zai kai."

Maharazu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, wannan ai karatun 'yan koyo ne. Mu da muka yi aiki a Kaduna, jak ba shawara muke mashi ba, kallo ɗaya muke mashi mu san ko namiji ne."

"To, Allah shi ba da sa'a."

Kashegari ya nufi Funtuwa. Mai shagon kayan mota ya jera masa jak kala-kala, ya nuna wani matsakaici ya ce wannan ne na irin motarsa. Maharazu ya ture shi da ƙafa. Can a lungu idonsa ya faɗa kan wani jibgegen jak ja, mai kama da tulu, wanda aka yi don manyan motocin dakon kaya.

"Wancan fa?"

"Wancan tan talatin ne, Alhaji. Na tirela ne."

"Shi nake so."

"Motar taka ko tan biyu ba ta kai ba."

"To ka ga ke nan zai ɗaga ta da ɗan yatsa. Ɗauko."

Mutum biyu suka cicciɓo shi suka sa a mota.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ya tsayar da Landiroba kan tsandauri, daidai inda masu tsire suke, ya tara jama'a. Ya tura jak ƙarƙashin motar, ya shiga da ƙyar, saura kaɗan kansa ya gogi ƙarfe. Ya sa hannun jak ya buga sau uku, sai ga ƙafar baya ta bar ƙasa tana lilo. Jama'a suka ɗauki sowa. Maharazu ya dafa ƙugu.

"Wannan da kuke gani, in na sa shi ƙarƙashin dutsen Ƙanƙara, sai kun ga abin da ke ɓoye a gindinshi."

Abin da bai yi tsammani ba shi ne masu aro. Tun kafin magariba maƙwabcinsa Bilya ya yi sallama, wai rumbunsa ya karkace, a ba shi jak ya tallafe shi. Da safe wani ya zo, wai sansa ya kwanta ya ƙi tashi. Wata tsohuwa ta aiko a tambaya ko abin nan yana matse ƙuli. Maharazu ya sallame su duka da baƙar magana, ya shiga gida yana huci.

Matarsa Barakatu ta ce, "To ka sa shi bayan kujera mana, ka rufe da buhu."

"Bayan kujera? Inda kowane mai ido zai gani? Ke dai tsaya ki ga aikin ilimi."

Ya tafi wurin mai walda, ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke. Akwatin ƙarfe, a manne shi can ƙarƙashin motar ta baya, ƙofarsa ta riƙa buɗewa ƙasa, a yi mata wurin kwaɗo uku. Mai walda ya sosa ƙeya ya ce, "Injiniya, ƙasa za ta buɗe?"

"Ƙasa. Ɓarawo sama yake dubawa."

Da aka gama, jak ya ƙi shiga a tsaye, sai Maharazu ya naɗe shi da tsohon zanen Barakatu, ya kwantar da shi, ya datse kwaɗo uku, ya zuba mabuɗan cikin zoben mabuɗansa da suka kai ashirin. Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi ina jak, sai ya ce, "Nemo shi. In ka gan shi na bar maka."

Ana nan, damina ta yi nisa, lokacin tafiyar maniyyata ya zo. Surukarsa, Inna Suwaibatu ta Mabai, na cikin masu tafiya Makka a shekarar. Shekara goma sha ɗaya tana kiwon tumaki da wannan niyya. An sanar cewa motar alhazai da za ta kwaso mutanen Sabuwa da na Faskari da na Ƙanƙara za ta tsaya a Sheme da azahar, wanda bai iso ba kuwa ba za a jira shi ba. Maharazu ya aika Mabai cewa kada a kuskura a nemi wata mota, shi zai kai Inna da kansa.

Da hantsi ya iso Mabai cikin farar shadda da hula zanna. Aka loda akwatin Inna, da ƙullin guzurinta, da galan na man gyaɗa da ta matse da hannunta. Ƙanenta, Kawu Gide, ya zauna gaba, ita ta zauna baya. Inna mace ce mai kunyar suruki, tunda Maharazu ya auri ɗiyarta ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Duk abin da za ta ce, ta bakin Kawu Gide yake bi, ko da kuwa suna zaune tabarma ɗaya.

Sun wuce Ruwan Godiya kaɗan sai Maharazu ya karya kan mota ya bar hanya, ya faɗa wani burtali.

Inna ta ce, "Gide, tambaye shi ina za mu."

"Wai ina za mu?"

"Kawu, ka ce ma Inna yanke za mu yi. Hanya ta ƙananan motoci ce. Wannan ita ke yin hanyarta."

"Gide, ce mashi ni ban gaji da hanyar mutane ba."

Maharazu ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara wuta. Suka ratsa gonar dawa, suka gangara wata fadama inda shinkafa ta yi kore shar. A nan ne, daidai bakin wata gona, wani kututture da ciyawa ta rufe ya tari tayar baya. Aka ji fus! Mota ta yi rawa, ta zame, ta shiga cikin shinkafa taku huɗu, ta zauna da gindi.

Maharazu ya sauko yana murmushi. "Alhamdu lillahi. Yau za ku ga abin da na daɗe ina faɗi."

Mai gonar, wani dattijo siriri mai suna Malam Ɗanliti, ya taho da fartanya a kafaɗa, manoma bakwai na biye da shi. Ya dubi shinkafarsa da ta kwanta, ya dubi Maharazu, ya ce, "Sannunku da zuwa. Gonar ce kuka zo gani?"

"Minti biyar, Malam. Ina da jak mai tan talatin."

"Ina yake?"

Maharazu ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya leƙa. Murmushin ya ɗan ragu. Da tayar ta kwanta, gindin motar ya sauka, ƙofar akwatin ta zauna daram a kan laka. Ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba.

Kawu Gide ya leƙo. "Mi ya faru?"

"Ba komai. Sai dai an ɗan ɗaga motar."

"To ɗauko jak ɗin mana."

"Shi ne a ciki."

"A cikin mi?"

"A ƙarƙashin motar."

Malam Ɗanliti ya sauke fartanya a hankali. "Tsaya in fahimta. Abin ɗaga motar, sai an ɗaga motar ake ɗauko shi?"

"Tsari ne na tsaro."

Daga cikin mota Inna ta ce, "Gide, tambaye shi wa ya koya mashi wannan tsarin, in san wanda zan yafe mawa kafin in hau jirgi."

Aka sauko da Inna da galan ɗinta, aka shimfiɗa mata buhu a kan kunyar gona. Manoma takwas da Kawu Gide suka kama gindin mota, suka yi salati, suka ɗaga. Maharazu ya kwanta rigingine cikin farar shaddarsa ya sulala ƙarƙashi da zoben mabuɗai a hannu. Mabuɗi na farko na ɗakinsa ne. Na biyu na rumbu. Na uku na akwatin rediyo.

"Injiniya, yi sauri!"

"Ku riƙe, kwaɗon Ingila ne, ba ya son gaggawa."

"Bayana zai ɓalle!"

Kwaɗo ɗaya ya buɗe, na biyu ya buɗe. Da na uku ya saki, ƙofar ta faɗo, jak mai tan talatin ya biyo ta ya sauka a kan cikinsa, tim! Maharazu ya yi wata ƙara irin ta ɗan akuya. Malam Ɗanliti ya saki mota ya kamo ƙafafunsa, ya fizgo shi waje da jak rungume a ƙirji kamar jariri. Sauran suka saki, mota ta koma ta zauna.

Da numfashinsa ya dawo, Malam Ɗanliti ya ce, "To, tunda mun ga muna iya ɗaga ta, bari a ɗauko turmi a gida. Mu ɗaga, a tura turmi, ka canja tayarka, ku tahi."

Maharazu ya miƙe, laka na ɗiga daga bayansa. "Turmi? Motata? Ina da tan talatin a hannu a ce an tallafe ni da abin daka fura? Malam, kar ka sake faɗi."

Ya warware zanen, wanda ya jiƙe sharkaf da wani baƙin mai, ya tura jak ƙarƙashin motar. Jak ya ƙi shiga. A kasuwa, da taya cike da iska, da ƙyar ya shiga. Yanzu kuwa ya fi wurin tsawo da kusan taƙi guda.

"A ba ni fartanya."

"Mi za ka yi da ita?"

"In motar ba ta hau ba, ai ƙasa ta sauka."

Ya haƙa rami a cikin gonar, yana tumɓuke shinkafa yana jefarwa, Malam Ɗanliti na kallonsa yana ƙirga tushe da ido. Ya zura jak cikin ramin, ya sa hannu, ya buga. Ya buga. Ya sake bugawa har gumi ya wanke masa fuska. Jak ya yi fiii kamar mai minshari, bai motsa ba. Watannin da ya yi a kwance, mansa duk ya tsiyaye cikin zanen Barakatu.

Inna ta dubi rana. Inuwa ta fara gajarta. "Gide, tambaye shi ko Makkar ta matso nan kusa ne ban sani ba."

Idon Maharazu ya sauka kan galan ɗin da ke gefenta. Ya matso kusa da Kawu Gide ya rage murya. "Kawu, ka roƙar mani Inna ɗan man gyaɗa."

"Gide, na ji shi. Tambaye shi, soya jak ɗin zai yi?"

"Mai ai mai ne, Kawu. A Kaduna har da man shanu mun yi."

Inna ta tura galan da ƙafa, ta kau da kai. Maharazu ya ɗura wa jak man gyaɗa har ya yi ambaliya, fadama ta ɗauki ƙanshin ƙosai. Ya mayar da shi rami, ya kwanta, ya buga. Abin mamaki, sai hannun ya yi nauyi, sandar jak ta fara fitowa tana sheƙi.

"Kun gani! Kun gani! Shina tashi!"

Manoma suka dubi mota. Tana nan inda take.

"Injiniya, motar ba ta motsa ba."

"Daga nan ƙasa nake gani, tana tashi! Ku ba ku da idon aikin."

Gaskiyarsa, sandar tana fitowa. Sai dai ba motar ke hawa ba, jak ɗin ne ke nutsewa, don babu katako a ƙarƙashinsa, lakar fadama kuwa taushi gare ta kamar kunu. Da sandar ta ƙare, ya sassauta ta, ya ga rata ta buɗe tsakanin kan jak da mota. Ya ce a miƙo dutse. Ya ɗora dutse a kan jak, ya buga, jak ya ƙara yin ƙasa. Ya ce a miƙo wani. Ya ɗora, ya buga. A dutse na uku, hannun jak ya shige laka, ruwa ya ɓuɓɓugo ya cika ramin, ya yi 'yan kumfa biyu, man gyaɗa ya taso yana yawo a sama.

Maharazu ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Ya fito da dutse. Ya sake zurawa, ya fito da kwaɗon ruwa, ya yar.

Malam Ɗanliti ya tsuguna kusa da shi. "Ya ɗaga?"

"Shina ƙasa, shina neman wuri mai ƙarfi."

A nan ne Inna Suwaibatu ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta tako har gaban surukinta, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Maharazu."

Jin sunansa a bakinta ya sa ya miƙe tsaye ba shiri, hularsa ta faɗa ramin.

"Shekara goma sha ɗaya ina bin tumaki. In motar nan ta tashi ba ni, kai za ka goya ni har Makka, kuma ba ta yanke ba. Koma can ka zauna. Malam, a kawo turmin."

Kafin a ce haka, mata biyu sun gangaro daga gidan Malam Ɗanliti da turmi da wata tsohuwar ƙofar katako. Inna ce ta tsaya tana ba da umarni. A kwantar da ƙofar a kan laka. A ɗaga. A tura turmi. Mota ta zauna a kan turmi daram, taya na lilo. Kawu Gide, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya kwance noti biyar ya ɗaura safaya, Maharazu na zaune a kan kunya yana cewa, "Haka ne, hagu, dama haka zan ce." Aka sake ɗagawa, aka zare turmi. Aka tura mota ta fito, ta bar wa Malam Ɗanliti fili a tsakiyar shinkafa kamar an yi dambe.

Sun shigo Sheme ana sallame sallar azahar, motar alhazai ta riga ta tayar da inji, kwandasta na rufe ƙofa. Kawu Gide ya fito da kai ta taga yana ihu, "A tsaya! Saura ɗaya!" Rabin Ƙanƙara na wurin sun zo rakiya, har da Malam Nata'ala da Bilya mai rumbu. Aka ɗora akwatin Inna, aka kama hannunta ta hau. Sannan idanu suka juyo kan direban da ya fito daga Landiroba, ba hula, baƙi ƙirin da laka tun daga ƙeya har dunduniya, ƙudaje na binsa saboda man gyaɗa.

Malam Nata'ala ya ce, "Injiniya, lahiya? Rijiya ka faɗa?"

"Ɗan gyara muka yi a hanya."

Kawu Gide kuwa bai bar komai ba. Ya hau kan wani benci ya ba da labarin tun daga kututture har turmi, yana kwatanta kukan da aka yi lokacin da jak ya faɗo. Mutane suka riƙa faɗuwa suna tashi. Bilya ya yi dariya har ya zauna a cikin tiren mai rake.

Maharazu ya daure, ya matsa jikin tagar motar alhazai, ya russuna. "Inna, a sa mu a addu'a."

Inna ta koma ga tsohuwar al'adarta. Ta leƙo ta ce, "Gide, ce mashi zan roƙa mashi kunnuwa. Baki kam Allah ya riga ya ba shi." Mota ta ja, ta bar shi a tsaye cikin hayaƙi.

Washegari da sassafe ya koma fadama da shebur biyu. Ya tarar Malam Ɗanliti ya cike ramin, ya sake dasa shinkafa a wurin, ya kewaye da ƙaya, yana zaune a bakin gona da sanda a kan cinya.

"Na zo in tone jak ɗina."

"Jiya ka tone mani abin da ka tone. Ba mai sake sa ƙarfe a gonar nan sai na yanke shinkafata."

"Sai yaushe ke nan?"

"Sai ta nuna. In ka matsu, ka zo ka taya ni korar tsuntsaye."

Haka Maharazu ya juyo da shebur ɗinsa. Labari kuwa ya riga shi isa gida, ya wuce har Faskari da Sabuwa. Duk inda Landiroba ta tsaya, kafin ya kashe inji sai wani ya ɗaga murya, "Injiniya, ya shuka? Jak ya tsiro?"

Ranar kasuwa ma, yana sayen tsire, masu tsire suka haɗa baki suka tambaye shi. Maharazu ya tauna namansa a natse, ya haɗiye, ya goge baki, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dai ba ku san aiki ba. Ajiya na yi mashi. Duk ƙasar nan, ku nuna mani ɓarawon da zai same shi."

Malam Nata'ala, da ke zaune a gefe, ya ce, "Wannan gaskiya ne. Har mai shi ma bai tsira ba."